Fursuna a Allon Silima: Nazarin Ra'ayoyin 'Yan Kallon Fagge da Sabon Gari a kan Fim ɗin Kaalia

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka tashi maganar finafinan Indiya a ƙasar Hausa, abin da manazarta suka fi mayar da hankali a kai shi ne soyayya da waƙa da rawa. Suna da hujjarsu, domin ta wannan kafa ce finafinan Hausa na bidiyo suka fi kwaikwayon Indiyawa tun daga shekarun 1990. Sai dai akwai wani rukuni na finafinai da ya daɗe yana cika gidajen silima na Kano maƙil, amma bai samu kulawar masu sharhi sosai ba, wato finafinan faɗa da ban tausayi waɗanda ake gina labarinsu a cikin gidan yari.

Wannan maƙala za ta ɗauki guda ɗaya daga cikinsu mai suna Kaalia, wanda ya fito a Indiya a ƙarshen shekarar 1981, ta duba yadda 'yan kallon Fagge da Sabon Gari suka karɓe shi, da irin muhawarar da ya haifar a tsakaninsu. Ni ma ina cikin waɗannan 'yan kallo, kuma ra'ayoyin da zan kawo na ji su ne a bakin silima da teburin mai shayi da majalisun unguwa da kuma cikin gida, a tsawon shekaru. Ban kama sunan kowa ba, domin ra'ayin shi ne abin dubawa.

Abin da nake son nunawa shi ne, hukuncin da waɗannan mutane suka yanke wa fim ɗin, hukunci ne da suka yanke wa ɗauri kansa. Bakano ya shiga silima ɗauke da tarihinsa na gidan yari, kuma da shi ya auna abin da ya gani. A ganina, wurin da aka fi yi wa tafi a wannan fim shi ne wurin da ya fi cancantar a yi jimami, kuma waɗanda suka fara lura da haka su ne waɗanda ba a cika tambayar ra'ayinsu ba.

2.0 Gidajen Silima da 'Yan Kallonsu

An buɗe gidan silima na Rex a shekarar 1937 a yankin Sabon Gari. 'Yan kasuwa 'yan Labanan ne suka riƙe wannan sana'a, kuma su ne suka fara shigo da finafinan Indiya a shekarun 1950. Mutanen birni sun daɗe suna kallon silima a matsayin matattarar 'yan iska. Gobarar da aka yi a gidan silima na El-Duniya ranar 13 ga Mayu, 1951, wadda ta ci rayukan mutum 331, ta ƙara wa wannan ƙyama ƙarfi. Gidan Palace da aka buɗe cikin birni a 1952 ya sha tsangwama, har Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rufe shi a 1983 aka mayar da shi asibiti. Saboda haka silima ta zama abar bayan ganuwa da bakin ganuwa: Plaza da Wapa a Fagge, Eldorado a Sabon Gari, Orion a Ƙofar Wambai.

Wannan ya shafi irin mutanen da ke cika kujerun. Kusan dukkansu maza ne: leburorin masana'antun Bompai, yaran shago na Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari, direbobi da 'yan kamasho, makanikai, teloli, ɗalibai, da kuma 'yan daba waɗanda suka fi son kujerun gaba masu araha. Akwai Hausawa da Ibo da Yarabawa da Nufawa da Barebari da mutanen Nijar, kuma babu ɗaya daga cikinsu da aka haifa da Indiyanci a baki. Yawan maimaita kallo shi ya koya musu, sannan a kowane rukuni ba a rasa gwani ɗaya mai fassara wa na kusa da shi. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya nuna yadda finafinan Indiya suka mamaye mafi yawan dararen mako, sauran kuma a raba tsakanin na Canis da na Amurka.

Ɗan kallon waɗannan gidaje ba ya zama shiru. Yana gargaɗin ɗan wasa idan an laɓe masa, yana zagin bos, yana fito, yana buga benci. Don haka ra'ayin 'yan kallo yakan fara bayyana tun fim bai ƙare ba, sannan a ƙarasa shi a waje kan kofin shayi.

3.0 Labarin Fim ɗin a Taƙaice

Tinnu Anand ne ya ba da umarni. Amitabh Bachchan, wanda Kanawa ke kira Amita, ya fito a matsayin Kallu, saurayi marar aikin yi da ke zaune a gidan wansa Shamu, tare da matar wan, Shanti, da 'yarsu ƙarama. Ba mugu ba ne, shiririta ce kawai ta yi masa yawa, yana yini yana wasa da yaran unguwa. Kader Khan ne wan, Asha Parekh kuma ita ce matarsa.

Wata rana inji ya cinye hannuwan Shamu a masaƙar da yake aiki. Kallu ya je ya roƙi mai masaƙar, Shahani, kuɗin magani, ya kore shi. Amjad Khan ne ya fito a wannan matsayi, wanda 'yan kallo suka riga suka sani da Gabbar tun daga Sholay na 1975. Kallu ya fasa akwatin kuɗin attajirin, amma kafin kuɗin su yi amfani wansa ya cika. Aka ɗaure shi wata 9. A can ya haɗu da gwanayen ɓarna suka koya masa sana'arsu, ya fito da sabon suna, Kaliya. Ya sace zinariyar da Shahani ke fasa-ƙwaurinta, ya ƙone masaƙar, aka sake ɗaure shi shekara 2. Abokansa suka riƙa gaya wa Shanti cewa yana Amurka yana neman kuɗi, suka fitar da ita daga talauci.

A wannan zama ne ya gamu da shugaban gidan yari, Raghvir Singh, wanda Pran ya fito a matsayinsa, mutum mai tsanani da gaskiya, wanda wani fursuna ya taɓa sace masa 'ya tana ƙarama. Daga baya Shahani ya sace 'yar Shanti, ya tilasta mata ba da shaidar zur a kan ƙanin mijinta, aka kama shi da laifin kisan da bai yi ba. Kaliya ya tsere, shugaban gidan yari ya bi shi, ya saurari labarinsa, ya koma bayansa. A ƙarshe aka gano cewa Shahani shi ne fursunan da ya sace 'yar, kuma 'yar ita ce budurwar Kaliya, wadda Parveen Babi ta fito a matsayinta.

4.0 Gidan Yari a Idon Bakano

Kafin a fahimci abin da 'yan kallo suka ce, dole a san abin da suka zo da shi. Ɗauri tsohon abu ne a Kano. Yari sarauta ce, kuma kafin zuwan Turawa akwai kurkukun da ake kira Gidan Ma'ajin Watari. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Lugga ya rubuta rahoto a kan kurkukun da ya tarar, inda ya siffanta ƙofa ƙanƙanuwa da ɗakuna biyu marasa taga, ya ce a kwanakin baya mutum 135 ake cusawa ciki kowane dare. Ko da yake mai neman halatta mamayarsa ne ya rubuta, rahoton ya nuna cewa tsoron kurkuku ya girmi mulkin mallaka. Turawan su ma ba su kawar da shi ba, sun dai sake masa fasali. An gina gidan yari na Kurmawa a 1910, daga baya aka yi na Goron Dutse, kuma gidajen yarin En'e suka ci gaba a hannun hukumomin gargajiya har zuwa 1968 da gwamnatin tarayya ta karɓe su.

Muhimmin abin da ya sauya ma'anar ɗauri a wannan yanki shi ne siyasa. A Sabon Gari aka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma Fagge na cikin manyan sansanoninta. 'Ya'yanta sun sha ɗauri da bulala da gwale-gwale a kan laifuffukan da ba su wuce yin lacca ko faɗar magana ba. Hajiya Gambo Sawaba, wadda tarihi ya nuna an ɗaure ta sau 16, a Kano aka fara ɗaure ta saboda tara mata. Daga nan talaka ya koyi cewa mutum kan shiga gidan yari ya fito da girmansa. Haka kuma a shekarun da Kaalia ke yawo a gidajen silima, sojoji suka karɓi mulki a ƙarshen 1983, suka tsare 'yan siyasa, ciki har da tsofaffin gwamnonin Kano biyu, Muhammadu Abubakar Rimi da Sabo Bakin Zuwo.

A ɗaya gefen kuma, kunyar gidan yari ba ta taɓa gushewa ba. Wanda aka ɗaure kan sata ya ɓata sunan gidansu, kuma zai sha wuya kafin ya sami mata. Ke nan Bakano yana riƙe da abu biyu a lokaci guda: ɗauri abin kunya ne, amma ba kowane ɗaurarre ne mai laifi ba. A tsakanin waɗannan biyun ne muhawara a kan Kaalia ta gudana.

5.0 Ra'ayoyin 'Yan Kallo

5.1 Matasa

Idan ka tambayi matasan wancan lokaci abin da suka riƙe a fim ɗin, za su ce layin abinci. Akwai wani ƙaton fursuna Bature mai suna Michael, wanda Bob Christo ɗan asalin Ostireliya ya fito a matsayinsa, da ya saba ture kowa ya shige gaba, yana taƙamar cewa inda ya tsaya nan ne farkon layi. Kaliya ya lakaɗa masa duka, ya ƙwace wurin, ya mayar masa da maganarsa. A wannan wuri gidan silima kan ɗauki sowa har ba a jin abin da ake faɗa. Na ga waɗanda ke sayen tikiti don wannan wuri kaɗai, da ya wuce su fita shan iska.

Ra'ayinsu a fili yake. Gidan yari wuri ne da ake sanin namiji, shi ya sa ake masa kirari da gidan maza. Babu uba, babu kuɗi, babu hanya, ƙarfinka da zuciyarka kawai. Yaron da ya yini yana bin layin kananzir ko na neman aiki a ƙofar kamfani, ana ture shi ana shigar da 'ya'yan wasu, ya ga wani ya rama masa. Kasancewar wanda aka daka Bature ne ya ƙara wa abin armashi ga Bahaushe da Ibo da Bayarabe baki ɗaya.

5.2 Leburori

Ma'aikatan Bompai sun kalli fim ɗin ta wata fuska. A wurinsu labarin ya fara ne daga inji, domin kusan kowannensu ya san wani da inji ya ci wa yatsu, ya kuma san wahalar neman diyya. Tambayarsu guda ce: wa ya kamata a ɗaure? Wanda ya fasa akwati don ceton ran wansa, ko wanda ya ƙi ba da kuɗin magani bayan a kan dukiyarsa hannuwan suka tafi? Sukan ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Amma a kan ƙone masaƙar sun rabu biyu. Masu ɗanyen jini sun ce ta yi daidai. Magidanta kuwa suka ce, to sauran ɗaruruwan ma'aikatan fa, washegari ina za su nufa? Attajiri yana da zinariya a wani wuri, leburan da ke jiran albashin ƙarshen wata shi aka ƙona. Fim ɗin bai damu da wannan tambaya ba ko kaɗan. Da masana'antun Bompai da Sharaɗa suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya a shekarun 1990 da 2000, na lura ra'ayin magidantan nan ya rinjaya, har a bakin waɗanda suka yi tafi a da.

5.3 Dattawa

Tsofaffin 'yan siyasa da suka ɗanɗani gabzar gidan yari ba su cika shiga silima ba, amma labarin ya iske su a majalisa, wasu kuma sun gani a bidiyo. Ba su ƙyamaci Kaliya don an ɗaure shi ba. Abin da suka ƙi shi ne yadda ya fito. Mutanensu sun shiga don talaka, sun fito da rigar da suka shiga da ita. Shi kuwa ya shiga don gidansu, ya fito ya zama attajiri da dukiyar sata. A wurinsu wannan ramuwar gayya ce, ba ta kai gwagwarmaya ba.

Masu ilimin addini a cikinsu sukan kawo ƙissar Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda aka ɗaure bisa ƙazafi, kuma da sarki ya aika a fito da shi bai yarda ya fita ba sai da aka binciki maganar aka wanke shi. Suka ce ga wanda ya nemi a wanke sunansa kafin ya taka ƙofa, ga kuma wanda ya haura katanga. Matasa kan amsa da cewa sarkin Masar ya saurara, alƙalin Kaliya kuwa bai saurara ba.

Maganar da ta fi zauna mini ita ce ta wani tsohon gandiroba da ya yi ritaya, wanda ke zama a teburin wani mai shayi a Fagge. Wani saurayi ya tsokane shi ya ce, "Baba, ai ko kai ne mai gidan yarin nan, ka san Kaliya ya fi ƙarfinka." Dattijon ya ajiye kofi ya ce, "Yaro, na ga irinsa da yawa. Ka ce ya kori Bature daga gaban layi. To, wa ya tsaya a wurin? Shi. Ludayin bai ƙara girma ba, miyar ba ta ƙara kauri ba, raggon da ke ƙarshen layi har yanzu ƙanzo zai samu. Layin yana nan yadda yake, na gaba ne kawai ya canja."

5.4 Mata

Matan aure ba sa zuwa silima, domin a lokacin macen da aka gani a can sunanta ya ɓaci. Finafinan Indiya sun iske su ne a gida, ta talabijin da kaset ɗin bidiyo na haya. Da suka ga Kaalia, hankalinsu bai tsaya kan faɗa ba, ya tsaya kan Shanti. Zaman matar wa da ƙanin miji abu ne da suka sani ciki da waje, da wasansa da nauyinsa, don haka suka ji zafin ranar da aka tsayar da ita a kotu ta zaɓa tsakanin ran 'yarta da ran ƙanin mijinta.

Ƙaryar Amurka ma ba baƙuwa ba ce a wurinsu. A gidajenmu idan an ɗaure mutum akan ce wa yara da baƙi ya yi tafiya. Mata ne ke riƙe wannan asiri, su ne ke dafa abinci a kai Kurmawa ko Goron Dutse, su ne ke sayar da kwano da zane don biyan lauya. Wata gwaggona ta taɓa ce mini, "Ɗan nan, ku kuna kallon wanda aka kulle, mu muna kallon wadda aka bari da buɗaɗɗiyar ƙofa ba mai shigowa da cefane." Hukuncinsu a kan Kaliya ya fi na kowa tsauri. Ya ciyar da baiwar Allah da haram ba da saninta ba, sannan gabarsa ce ta jawo aka sace yarinyar. Kallun da ke wasa da yara shi suka so, kuma a wurinsu ya mutu tun ranar da aka fara rufe shi.

6.0 Sharhi

Idan aka jera waɗannan ra'ayoyi za a ga duk sun haɗu a wuri ɗaya: babu wanda ya yarda cewa hukuncin kotu shi ne ƙarshen magana. Kowa ya sake zaman shari'ar a ransa. Inda suka saɓa shi ne abin da gidan yari ya yi wa Kallu. Matasa sun ce ya mayar da shi namiji. Tsohon gandiroba da mata sun ce ya lalata shi. Ina tare da na biyun, kuma fim ɗin da kansa shaida ne.

Ƙarfin Kaalia yana kashinsa na farko. An ɗauki yaro marar cutarwa, wanda laifinsa na farko ya samo asali daga tausayi, aka zuba shi cikin ƙwararrun ɓarayi wata 9. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wannan ita ce gaskiya mafi nauyi da fim ɗin ya faɗa, amma bai tsaya a kanta ba. Ya yi sauri ya lulluɓe ta da kyawawan tufafi da kiɗa da taƙama, har ɗan kallo ya manta cewa asara ya gani. Dalili shi ne kasuwa. Tun daga Zanjeer na 1973 da Deewaar na 1975 aka san Amita da fitowa a fusataccen saurayi, kuma shi masu sayen tikiti ke jira, a Bombay ko a Fagge.

Rauni na biyu shi ne siffar gidan yarin. Fili ne mai faɗi, fursunoni ƙosassu, kowa an yanke masa hukunci ya san ranar fitarsa. Alhali shekara 2 kafin fitowar fim ɗin, wato a 1979, Kotun Ƙolin Indiya ta saurari shari'ar Hussainara Khatoon, wadda ta tona yadda dubban mutane ke tsare a jihar Bihar suna jiran shari'a, wasu sun fi tsawon hukuncin da za a iya yanke musu daɗewa. Wannan shi ne ainihin ciwon gidajen yarin Indiya, kuma shi ne namu. A Nijeriya kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare masu jiran shari'a ne. Mai zaman wakafi ba shi da ranar da zai ƙirga, kuma ba shi da gurbi a irin wannan fim.

Rauni na uku shi ne yadda aka warware rikicin. Adalci ya samu ne saboda an dace da shugaban gidan yari mai gaskiya, sannan aka dace abokin gabarsu ɗaya ne, aka kuma dace budurwar 'yarsa ce. 'Yan kallo sun ji daɗin haka, domin kowa na fatan a ce akwai babban mutum guda da zai saurare shi. Amma tsarin da ya ɗaure Kallu ya bar Shahani yana yawo bai girgiza ba. A nan ina ganin tsohon fim ɗin V. Shantaram na 1957, Do Aankhen Barah Haath, ya fi shi zurfi, inda wani jami'in gidan yari ya ɗauki masu kisan kai su 6 ya kai su gona don ya gwada ko aiki da amana za su gyara su. Wancan ya tambayi me za a yi da fursuna. Kaalia kuwa ya tambayi wa fursuna zai daka.

Duk da haka ban raina tafin matasa ba. Wanda aka daɗe ana turewa a layi yana da haƙƙin ya ji sanyi idan ya ga an ture mai turewa. Abin lura kawai shi ne, da yawa daga cikin masu tafin nan a kujerun gaba su ne waɗanda gidan yari na gaskiya ya fi haɗiyewa.

7.0 Daga Kaliya zuwa Boyka

Yawancin tsofaffin gidajen silima na Fagge da Sabon Gari sun rufe, wasu sun koma kantuna. Kallo ya koma gidajen kallo na unguwa, sannan faifan sidi, sannan wayar hannu. Amma ƙaunar fim ɗin gidan yari ba ta ragu ba. Shirin Prison Break na Amurka da ya fara a 2005 ya sa sunan Scofield ya zama laƙabin duk mai wayo, kuma shi ma labarin ƙani ne da ya shiga wuta saboda wansa da aka yanke wa kisa bisa ƙage. Boyka, wanda Scott Adkins ya fito a matsayinsa, bos ne a Undisputed na biyu a 2006, amma ya zama ɗan wasa a na uku a 2010, kuma samari suka ɗauke shi gwarzo. Zuwan masu fassara finafinai zuwa Hausa, irin su Algaita, ya kawar da shingen harshe gaba ɗaya.

Bambancin da na gani shi ne, a Kaalia akwai wa da matar wa da yarinya, akwai dalilin shiga. A finafinan Boyka gidan yari ya zama dandalin dambe kawai, ba a tambayar wa aka bari a gida. Wato ra'ayin matasan layin abinci shi ya ci kasuwa.

Finafinanmu na Hausa kuma, a mafi yawan lokuta, gidan yari ƙofa ce kawai. A nuna an tasa ƙeyar mutum, a rubuta cewa bayan shekara kaza, a nuna ya fito da gemu. Wannan abin mamaki ne idan aka tuna cewa wasu daga cikin 'yan fim ɗin sun ga cikinsa da idonsu. An ɗaure Adam A. Zango a 2007, sannan Rabilu Musa Ibro da Hamisu Lamiɗo Iyantama a 2008, a kan shari'o'in da suka shafi dokokin tace finafinai. Kayan labari suna nan jibge a gida.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta duba ra'ayoyin rukunoni huɗu na 'yan kallo a kan fim ɗin Kaalia, ta nuna cewa kowane rukuni ya auna shi ne da saninsa na ɗauri: matashi da layin da ake ture shi, lebura da inji, dattijo da tarihin siyasa da ƙissa, mace da gidan da aka bar mata. A 2019 doka ta sauya wa gidajen yarin Nijeriya suna zuwa gidajen gyaran hali. Ko sunan ya dace da aikin, ma'auninsa shi ne wanda matan nan suka kafa: wanda ya shiga yana Kallu, da wane suna yake fitowa?

A 2025 gwamnatin Jihar Kano ta bayyana niyyar mayar da gidan yari na Kurmawa gidan tarihi. Idan hakan ta tabbata, shawarata ita ce kada a tsaya ga adana mari da ankwa da ƙofofin ƙarfe. A nemi tsofaffin gandirobobi da tsofaffin fursunoni da matan da suka yi jigilar abinci a naɗi muryoyinsu tun suna raye. Haka nan a tattara tarihin gidajen silima na Fagge da Sabon Gari daga bakin masu sayar da tikiti da masu juya na'ura da 'yan kallo. Marubutan fim kuma su je su saurari waɗannan mutane kafin su rubuta fim ɗin gidan yari na Hausa, su fara da mutumin da ke ƙarshen layi.